Tulun da Ya Faɗo a Gehuru

Ranar Laraba abin ya faɗo, bayan la'asar, ana tsakiyar ruwa da iska. Mutanen Gehuru sun ce ƙara biyu suka ji, ta biyun ta fi ta farko. Kowa ya ce aradu ce. Damina ake ciki, ba wanda ya nemi wani bayani.

Ni ban gan shi ba sai Alhamis da hantsi, da aka shigo da shi Jega a amalanken shanu, an rufa masa buhuna.

A filin jari-bola na bayan tasha nake aiki. Ina ware ƙarfe daga alminiyam, alminiyam daga roba, da maganaɗisun da na ciro daga tsohuwar rediyo. Shagon waldar yayana Rufa'i yana jingine da katangar filin. Shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, shi ya kai ni har ƙarshen sakandare. Ba ma yawan magana. Ba faɗa muke ba, haka muke.

A filin ba a kirana Safwan. Mai Roka ake ce mini. A ajinmu na ƙarshe an yi muhawara a kan yadda za a yi da sharar duniya, ni na tashi na ce a loda ta a roka a harba ta cikin rana ta ƙone. Har zane na yi a allo. An yi dariya, amma mu muka ci. Bayan nan karatu ya tsaya, na tsinci kaina a cikin sharar kanta. Duk da haka ban daina tunanin ba. In na ga leda ta toshe kwata a unguwar Jega Magaji ruwa yana shiga gidaje, sai na ɗaga kai na kalli sama. Fili ne iya ganinka, babu kowa a ciki.

Wani makiyayi mai suna Sahabi ne ya kawo abin. Da ya yaye buhunan sai muka matso muna kallo. Tulu ne zagaye, ba wuya, tsayinsa ya kusa ƙuguna. Gefe ɗaya ya ƙone, baƙi da shuɗi-shuɗi. Akwai guntun bututu biyu, sama da ƙasa, duka sun narke sun toshe. Mutum biyu suka sauke shi ba tare da nishi ba. A kansa wani farin abu ya bushe, ƙudaje suna bi.

"Tsakanin shanuna yah hwaɗi," in ji Sahabi. "Ƙasa ta yi rami, hayaƙi shina tashi. Nit tatso madara ƙwarya guda niz zuba mishi. Nan take yay yi sanyi."

Mutane suka gyaɗa kai. Haka ake yi. Wutar sama ba a kashe ta da ruwa, da madara ake kashe ta, wannan ko yaro ya sani.

Na manna maganaɗisu, ya zame ya faɗi. Na karce da wuƙa, bai karɓi karcen ba kamar yadda alminiyam yake karɓa. A gefen da bai ƙone ba akwai sauran lambobi da haruffan boko. Aradu ba ta rubuta lamba.

Rufa'i ya fito daga shago yana goge hannu. Ya zagaye shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa da ɗan guduma, ya saurara. Ya ja Sahabi gefe suka daidaita. Kafin azahar tulun yana cikin shagonmu.

Da mutane suka ragu na dafa shi na karkatar. Na ji wani abu ya motsa a ciki. Ba da yawa ba. Kamar sauran kananzir a gindin jarka.

"Yaya, akwai abu ciki."

"Ruwan sama na."

"Ta ina yas shiga? Bakin duka a toshe suke."

Yana auna tsakiyar tulun da igiya.

Yayana ba mai ganganci ba ne. Shekara goma sha biyar yana yanka tankin mota da duro, ko girarsa ba ta taɓa ƙonewa ba. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ya buɗe baki, ya shaƙa, ya cika da ruwa da omo, ya kwana, sannan ya sa wuta. Na tuna masa da wannan.

"Wanga ba ya da baki, Yaya. Ba ka shaƙa ba, ba ka cika shi da ruwa ba."

"Wancan na abin da mutum yaz zuba wa hetur na. Wanga daga sama yaz zo, kuma an zuba mishi madara. Ina da shekara tara aradu tah hwaɗa rumbun Kaka a ƙauyen Katanga. Ruwa anka yi ta zubawa, wuta tana ƙaruwa. Madara anka kawo, gabana, ta mutu. Kai kana ina lokacin?"

"Wanga ba aradu ba ta."

"To mi na na, Mai Roka?"

Shi bai saba kirana da sunan ba.

Da yamma wani mahauci daga Maiyama, Alhaji Idris, ya zo karɓar ƙugiyoyin rataye nama. Ya ga tulun ya kasa tafiya. Ya ce a raba masa shi biyu daidai, ya samu kasko biyu na suya waɗanda ba za su yi tsatsa ba har jikokinsa. Rufa'i ya ce sai Asabar, iskar gas ɗin da yake yanka ƙarfe da ita ta ƙare, sai ya cika tulun iskarsa.

Bayan magariba na zauna a ƙofar gida na yi ta nema a waya. Na samu hotuna. Irinsa sak, a cikin jeji, a gonakin wasu ƙasashe, mutane tsaye nesa da shi. Tankunan kumbo ne da na roka, waɗanda aka gama aiki da su aka bari suna yawo a sama har su gaji su faɗo. Wasu fanko suke zuwa. Wasu da iska a matse. Wasu da sauran mai, mai guba, mai kamawa da wuta. Na kai wa Rufa'i wayar yana cin tuwo. Ya duba hoto ɗaya ya miƙo mini.

"To ka ga, ƙarhen Turawa na. Alhaji ya yi sa'a."

Matarsa Mardiyya tana tsugune tana kwashe kwanuka. Ta dube ni, ta dube shi, ta tashi da kwanukan.

Kuskurena shi ne na yi maganar a fili. Safiyar Juma'a na gaya wa mutum biyu a wurin aiki cewa abin na hukuma ne, ya kamata a kira ta. Kafin a tafi masallaci maganar ta zagaye tasha. Ban ɗauke ta komai ba. Ina ganin ina da lokaci har Asabar.

Ana sauka daga Juma'a na hau mota zuwa Aliero. Malam Abdulwahab, wanda ya koya mana kimiyya, yanzu yana aiki a ɗakin gwaji na jami'a, gidansa yana bayan rumfunan ajiye albasa. In akwai wanda Rufa'i zai saurara, shi ne, domin shi ma ya zauna a ajinsa. Na same shi a zaure yana gyaran fanka.

"A'a, Mai Roka. An harba sharar ko har yanzu ana lodi?"

Na gaishe shi, na miƙa masa wayar. Ya fara kallo yana murmushi. A hoto na uku murmushin ya tafi. Ya sa tabarau, ya buɗa wurin lambobin da yatsu biyu.

"Ina abin ga yake?"

"Shagon Yaya Rufa'i."

"An buɗe shi?"

"A'a. Gobe za shi raba shi biyu. Kasko."

Ya aje wayar a kan tabarma a hankali.

"Ka girgiza shi?"

"Na karkata shi. Akwai motsi ciki."

"Kai da kac ce a kai shara sama," in ji shi, ba da wasa ba. "To wasu sun riga ka. Shekara da shekaru suna barin tarkacensu can, ba mai sharewa. Ga guda ya dawo." Ya cire tabarau. "Saurara, Safwan. Mai yiwuwa ba komi ciki sai ɗan abin da ba ya cutarwa. Mai yiwuwa kuma in wuta ta huda shi, ba a samun abin da za a yi wa wanka. Ni ban sani ba. Rufa'i ma bai sani ba. Bambancinmu, shi yana ganin ya sani."

"Ya ce an zuba madara."

Malam bai yi dariya ba. Ya ce zai kira wani da ya sani a Birnin Kebbi, su turo masu kayan aiki, kuma gobe da asuba shi da kansa zai zo Jega. Yana neman lambar, wayata ta yi ƙara. Mardiyya ce.

"Safwan, kana ina?"

"Aliero."

"Yayanka ya ji ana cewa hukuma za ta zo ta ɗauke tulun. Ya ari iska wurin maƙwabci. Sun loda abin ga motar Alhaji Idris, da tiyo da komi. Maiyama sunka tahi."

"Tun yaushe?"

"Ana saukowa masallaci. Na ce mishi ya jira ka, yac ce in shiga gida." Ina jin kukan ƙaramar 'yarsu a bayanta. "Gaskiya kake hwaɗi, ko karatun naka na?"

"Ban sani ba, Anti."

"To tahi."

Malam ya ji komai. Ya ciro makullin babur ɗinsa daga aljihu ya jefo mini.

"Birkin baya ba ya kamawa sosai. In ka isa, kada ka tsaya bayani."

Na kira Rufa'i kafin na tayar. Wayar ta yi ƙara sau uku, ya kashe. Na sake. Ya kashe.

Daga Aliero zuwa Jega ban tuna na ga komai ba sai bayan motocin albasa da nake wucewa. Ina lissafi a kaina. Sun riga ni da awa biyu. Sai sun sauke, sai sun gaisa, sai an kawo masa ruwa, sai ya ja layi. Rufa'i ba ya sa wuta sai ya ja layi da alli, kuma ba ya gaggawar layi. Wannan kaɗai nake riƙe da shi.

A shataletalen Jega wani ya kira ni da Mai Roka, ban juya ba. Na karya kudu. Hadari ya haɗu ta gabas, iska ta fara tura babur ɗin gefe. Bayan gada yayyafi ya soma, yana shiga idona. Garken shanu ya tare hanya a wani ƙauye, na taka birki, babur ya ci gaba da tafiya abinsa har sai da na sa ƙafa a ƙasa, silifas ɗaya ya fita. Ban koma ɗauka ba. Na sake kira da hannu ɗaya. Wayar a kashe take.

A Maiyama na tambayi mai shayi gidan Alhaji Idris mahauci.

"Wurin abin aradu za ka? Bayan mahauta. Bi mutane."

Rumfar kwano ce babba, inda suke shanya fata. Mutane sun fi talatin a ciki saboda ruwan, har da mata masu tallar fura a bakin rumfar. An kafa tulun a kan tsohuwar taya. Farin layi ya zagaye cikinsa. Rufa'i yana durƙushe, baƙin gilashi a ido, wuta shuɗiya a hannunsa. Ya riga ya sa ta a kan layin. Wurin ya fara ja, kamar girman kwabo.

Na saki babur ya faɗi. Na ratsa mutane, na kama makunnin tulun iska na murɗe. Wutar ta yi tau ta mutu.

Rufa'i ya ɗaga gilashi ya dube ni. Ya dubi ƙafata marar takalmi.

"Buɗe."

"Yaya, Malam Abdulwahab ya ce..."

"Buɗe, nic ce."

"Wane na wanga?" in ji Alhaji Idris.

"Ƙanena na, Alhaji. Boko ta taɓa shi."

Aka yi dariya. Wani ya ce, "Shi na mai kai shara rana? Yaro, hwara da kwatar ƙohwar gidanku." Aka ƙara dariya.

"Akwai abu ciki, Alhaji," na ce. "In ya huje, duk wanda ke rumhwar ga..."

"An zuba mishi madara tun Gehuru," in ji Alhaji, yana magana da ni kamar mai lallashin marar lafiya. "Ni ma da anka sauke shi na sa an ƙara ƙwarya guda, don zuciya ta kwanta. Duba, ga ta nan ba ta bushe ba. Mi kake so kuma?"

Gaskiya ne. Madarar tana gangarowa ta bayan tulun tana ɗiga a kan tayar.

Rufa'i ya tashi. Ya fi ni tsawo da faɗi. Ya ɗauke hannuna daga makunnin kamar ana ɗauke tsumma, ya buɗe, ya ƙyasta. Wutar ta dawo. Tun ina yaro ban taɓa yi masa musu a gaban mutane ba, yau na yi sau biyu, kuma na ga abin a fuskarsa.

"In ka sake taɓa tulun iskar ga, ni da kai har abada."

Ya sauke gilashi ya durƙusa.

Ban taɓa tulun iskar ba. Na zagaya na kwanta a kan abin, ƙirjina a samansa, hannuwana sun rungume shi, daidai kan layin. Damtsena na hagu ya sauka a wurin da ya yi ja. Ban ji zafi nan take ba. Wari na fara ji, irin na babbakar kan akuya. Sannan zafin ya zo. Na cije, ban ɗaga ba.

Wutar tana kusa da kunnena, ina jin hucinta.

"Tashi."

Ban tashi ba.

"Safwan. Tashi."

Wata mata ta ce, "Wayyo, hannunai." Babu mai dariya yanzu. Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji ƙarar wutar ta ragu, ta mutu. Ya kashe da kansa.

Ya kama wuyan rigata zai fizge ni, sai ya tsaya. Ruwan ya ɗan tsagaita a kan kwano, kuma kowa ya yi tsit, shi ya sa aka ji. Ni na riga kowa ji domin kunnena yana jikin ƙarfen. Wani siririn sauti ne, kamar maciji a cikin ciyawa, yana fitowa ta guntun bututun sama inda ya narke. Ba ya tsayawa.

Rufa'i ya cire gilashin gaba ɗaya. Ya sunkuya, ya kawo kunne kusa, bai taɓa ba. Wannan sautin ba sai Malam ya fassara masa ba. Ya san ƙarar iska mai yoyo tun kafin in iya karatu.

Ya miƙe a hankali.

"Kowa shi hita," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kada a yi gudu. Mai taba shi kashe. Alhaji, a kwashe wutar suyar can."

"Amma madarar..."

"Alhaji, hita."

Ya ɗaga ni ta hammata. Fatar damtsena ta rage a jikin ƙarfen. Wani wari ya biyo mu, mai hawa hanci kamar tsohon makewayi, idona ya kawo ruwa, Rufa'i ya yi tari sau biyu. Ya tura ni gaba, ya koma ya ja tulunan iskarsa da tiyo ya fito da su, domin kada su zauna kusa da abin. Na tsaya ina kallon bayansa har ya fito.

Muka tsallaka hanya, muka wuce masallacin mahauta, ya duba inda iska take kaɗawa ya ƙara matsar da mutane. Aka ɗaure igiya a bakin lungun. Na kira Malam, ya ce mutanen Birnin Kebbi sun taso, kada kowa ya koma, kuma mu wanke ido da fuska da ruwa mai yawa. Muka wanke a randar masallaci.

Mai kemis ya zo ya duba hannuna ya ce wannan sai asibiti. Rufa'i ya tsayar da mai babur, ya hau, ya matsa gaba ya bar mini wuri a baya. Bai dube ni ba.

Mun kusa asibitin ya yi magana, fuskarsa tana gaba.

"Kai kac ce wa mutanen tasha a kira hukuma?"

"Ni na."

"Da ka yi shiru, da sai gobe zan yanka. Da Malam ya iske ni gida."

"Na sani."

Ya yi tari, ya tofar gefe.

"Riƙe hannun sama, kada shi taɓa rigata. Kira Mardiyya ka ce mata muna nan tahe."